Yaya matsayin mace yake a cocin Mormon?

Tambaya: Ƙanwata da ke aiki a Abuja ta fara zuwa cocin Mormon, har wani saurayi ɗan cocin ya fito yana son ta da aure. Hankalin iyayenmu ya tashi, don an ce musu 'yan cocin nan tara mata suke yi ba iyaka, kuma mace ba ta da ta cewa a cikinsu. Malam, mece ce gaskiyar lamarin?

Amsa: 'Yar'uwa, abin da aka gaya wa su Baba, rabinsa tsohon labari ne, rabinsa kuma yana nan daram. Zancen tara mata ya wuce. Cocin da ƙanwarki ke zuwa ya bar wannan ɗabi'a fiye da shekara 100 da suka shige, kuma yau duk namijin da ya yi wa matarsa kishiya korarsa ake yi. Zancen ta cewa kuwa, shi ya kamata ku zauna ku duba da idon basira. Mace a wannan coci tana wa'azi, tana koyarwa, tana shugabantar ƙungiyoyi, ana yabon ta a kan mumbari kusan kowace Lahadi. Amma daga majami'ar unguwa har hedikwatarsu da ke Salt Lake City a Amurka, babu wani hukunci da mace ke da maganar ƙarshe a kansa. Duk abin da ke hannunta namiji ne ya damƙa mata, kuma tarihinsu ya nuna ana iya karɓewa.

Bari mu fara rarrabe aya da tsakuwa, don ƙungiyoyi daban-daban ake haɗawa a kira su da suna ɗaya. Joseph Smith ne ya kafa addinin a jihar New York ta Amurka a 1830. Da aka kashe shi a gidan yarin Carthage a 1844, mabiyansa suka dare. Mafi yawa suka bi Brigham Young zuwa Utah da ke yammacin Amurka, su ne Cocin Yesu Kiristi na Tsarkakan Kwanakin Ƙarshe, masu mabiya sama da miliyan 17 a yau, kuma su ne ke Najeriya da Gana da 'yan mishan ɗinsu masu baƙin kati a ƙirji. Wasu suka taru a bayan ɗan Smith a 1860, har da Emma, matar Smith ta fari. Waɗannan yanzu ana ce musu Community of Christ. Ba su taɓa yarda da auren mace fiye da ɗaya ba, sun fara naɗa mata a 1985, kuma a 2025 mace ce, Stassi Cramm, ta zama shugabarsu. Akwai kuma 'yan tawaye da suka ƙi barin tara mata, irin su ƙungiyar FLDS da ke kan iyakar Utah da Arizona, wadda shugabanta Warren Jeffs yake zaman ɗaurin rai da rai tun 2011 saboda lalata da 'yan mata masu shekara 12 da 15 da ya kira matansa. Yawancin labaran ban tsoro da ke yawo daga can suke fitowa, kuma zalunci ne a ɗora wa saurayin ƙanwarki laifinsu.

Tushen komai a babban cocin shi ne firistanci. A yawancin majami'un da kika sani, fasto mutum ɗaya ne ko biyu, sauran jama'a maza da mata duk 'yan benci ne. A nan ba haka ba ne. Kowane namijin da aka ga ya cancanta ana ɗora masa hannu a naɗa shi, tun daga shekarar da zai cika 12. Bishof na unguwa ba ya karɓar albashi, malamin makaranta ne ko ɗan kasuwa da aka kira ya riƙe majami'a na wasu shekaru. Wato firistanci rabon kusan kowane namiji ne, kuma ba rabon ko mace ɗaya ba ne. Shi ya sa bambancin yake shiga har cikin ɗaki.

Ki shiga taronsu na Lahadi ki gani. Samari 'yan shekara 16 ne ke durƙusawa su yi addu'a a kan gurasa da ruwa (ruwa suke sha a jibin Ubangiji), yara 'yan 12 cikin fararen riguna su zagaya da faranti layi-layi. Uwar da ta haifi yaron, ko da ta shekara 30 tana koyar da nassi, tana zaune sai ya miƙo mata. In an kawo jariri a sa masa albarka, maza ne ke fitowa gaba su yi da'ira, kowa ya sa hannu ɗaya ƙarƙashin jaririn, ɗaya a kafaɗar na kusa da shi, uban ya ambaci sunan ya yi addu'a. Mai jegon tana kan benci, wani lokaci ma ba ta hango fuskar ɗanta saboda bayan maza. In zazzaɓi ya rufe yaro da tsakar dare ana son a shafa masa mai a ɗora hannu, sai mijinta ko wani namiji daga waje. Baftisma, ƙirga ushiri, zaman ladabtar da wanda ya yi laifi, duk hukuncin maza ne. Ko budurwar da ke son takardar shiga haikali (gini ne na ibadu na musamman, daban da majami'ar Lahadi) sai ta zauna gaban bishof ya tambaye ta ko tana kiyaye kanta daga fasikanci. Sai a 2018, bayan koke-koke masu yawa, aka fito fili aka ce tana iya shiga da wani babba ya zauna tare da ita.

Mata suna da nasu ƙungiyoyi uku: ta manyan mata, ta 'yan mata, da ta yara ƙanana. Babbar ita ce Relief Society, kusan kamar zumuntar mata a majami'unmu na Arewa, sai dai kowace mace da ta kai 18 tana ciki ko ba ta nema ba. Su ne ke sanin gidan da ba a ɗora tukunya ba, su ne ke zuwa wurin mai jego da gidan makoki. In aka cire su, cocin ba zai yi wata ɗaya a tsaye ba, kuma shugabannin da kansu suna faɗin haka. Amma bishof ne ke zaɓar shugabarsu, shi ke amincewa da mataimakanta da kuɗin da za su kashe, shi ke sauke ta.

Abin da ya fi taɓa ni a tarihin nan shi ne, da ba haka ƙungiyar take ba. An kafa ta ranar 17 ga Maris, 1842, a saman wani kanti a garin Nauvoo na jihar Illinois, mata 20 suka zaɓi Emma Smith ta shugabance su. A watan Afrilun shekarar Joseph Smith da bakinsa ya ce babu laifi mata su ɗora wa marar lafiya hannu. Suka kuwa yi ta yi kusan shekara 100: suna shafa mai, suna yi wa mai ciki wanka da addu'a kafin naƙuda. Da Emma ta fara amfani da taron wajen yaƙar auren kishiyoyi, sai zaman ya tsaya a 1844, Brigham Young kuma ya hana a ci gaba. Sai wajen 1867 ya sa Eliza R. Snow ta farfaɗo da ita a Utah.

Abin da matan nan suka yi bayan haka ya cancanci a jinjina musu. Suna da asusunsu, suna gina zaurukansu da kuɗinsu. Daga 1872 zuwa 1914 suna buga jaridarsu, Woman's Exponent, wadda ta yi ta fafutukar 'yancin zaɓe ga mata. A 1876 Emmeline B. Wells ta ja ragamar shirin tara alkama a rumbuna, har a 1918, lokacin yaƙin duniya na ɗaya, suka sayar wa gwamnatin Amurka abin da suka tara. Mata irin su Romania Pratt da Ellis Shipp suka tafi Philadelphia karatun likita, suka dawo suka horar da ungozomai, aka buɗe asibitin Deseret a 1882. Matan Utah sun fara jefa ƙuri'a a watan Fabrairun 1870, shekara 50 kafin a bai wa matan Amurka baki ɗaya wannan dama. A 1896 likita Martha Hughes Cannon, wadda ita ce mata ta huɗu a gidan mijinta, ta tsaya takarar majalisar dattawan jiha, mijin ma yana cikin 'yan takarar wata jam'iyyar. Ta ci, shi ya faɗi. Ita ce mace ta farko da ta zama sanatar jiha a duk Amurka.

Sai aka bi abubuwan nan ɗaya bayan ɗaya aka janye. A 1946 Joseph Fielding Smith, ɗaya daga cikin manyan shugabannin cocin da ake kira manzanni, ya rubuta wa shugabannin matan cewa ya fi kyau a riƙa kiran dattawa maza su yi wa marasa lafiya addu'ar ɗora hannu, shi ke nan al'adar ta mutu. A shekarun 1960 aka shigo da tsarin mayar da kowane reshe na coci ƙarƙashin ikon firistanci kai tsaye. A 1970 aka rufe mujallar matan, aka kuma ce su miƙa asusunsu. Jikar da ta tashi a 1980 tana da digiri da mota, amma a cikin cocinta ba ta da ikon da kakarta mai kishiyoyi take da shi. Wannan shi ne dalilin da ya sa nake cewa kada ku tsaya kan zancen kishiya kaɗai.

Duk da haka dole a faɗi yadda auren ya kasance, don cocin ya daɗe yana rufa-rufa a kansa. Mu nan auren mace fiye da ɗaya ba baƙon abu ba ne, saboda haka yadda aka yi shi ne abin dubawa. A 2014 cocin da kansa ya amsa a rubuce cewa Joseph Smith ya auri mata tsakanin 30 da 40. Yawanci a ɓoye ne, Emma ba ta sani ba. Wasu suna da mazajensu a raye. Akwai ya da ƙanwa, Emily da Eliza Partridge, da ke zaune a gidansa: ya aure su a asirce a 1843, daga baya da Emma ta yarda aka sake ɗaura auren a gabanta, ba ta san an riga an yi ba. Mafi ƙanƙanta, Helen Mar Kimball, shekararta 14, shi yana da 37. Wahayin da ya ce ya samu kan lamarin, wanda aka rubuta a watan Yulin 1843, ya kira sunan Emma ya ce za a hallaka ta in ba ta bi umarnin ba. Ko ta wace fuska aka duba, wannan tursasawa ce da sunan Allah, kuma nassin yana nan a littafinsu har gobe, sashe na 132.

A 1852 aka shelanta abin a fili. Brigham Young ya auri sama da mata 50, ko da yake yawancin masu kishiyoyi mata biyu suka tsaya. A 1870 kimanin kashi 25 zuwa 30 cikin 100 na mutanen Utah a irin waɗannan gidaje suke. Wasu matan sun kare tsarin da iyakar ƙarfinsu, wasu sun bar rubutun baƙin ciki da kaɗaici a littattafan ajiyarsu. Gwamnatin Amurka ta matsa lamba, ta ɗaure maza, a 1887 ta ƙwace dukiyar cocin, ta kuma ƙwace wa matan Utah ƙuri'arsu, wai da sunan ceto su. A 1890 shugaba Wilford Woodruff ya ba da sanarwar dainawa, a 1904 aka ƙara tsanantawa da barazanar kora. Yau a Afirka ma, mai mata biyu ba a yi masa baftisma sai ya rage saura ɗaya.

Akwai kuma abin da ya shafe mu mu baƙar fata. Har watan Yunin 1978, baƙin namiji ba ya samun firistanci, kuma baƙi maza da mata ba sa samun manyan ibadun haikali, waɗanda a aƙidarsu sai da su ake kaiwa matakin ƙoli a lahira. Jane Manning James, baƙar mace da ta yi hidima a gidan Smith, ta yi shekaru tana roƙo. A 1894 aka haɗa ta da iyalinsa a matsayin mai hidima ta har abada, ita kuwa ba a bar ta ta shiga wurin ba, wata ce ta tsaya a madadinta. Ta rasu a 1908 tana cikin cocin. A Afirka ta Yamma kuwa, mutane sun karanta littattafan cocin sun kafa majami'unsu tun kafin 'yan mishan su iso. A yankin Sekondi na Gana wata mata, Rebecca Mould, ita ke jagorantar jama'arta, ana ce mata annabiya. Da cocin ya zo a hukumance a ƙarshen 1978, shugabancin majami'a ya koma hannun maza. A kusa da Owerri, a watan Nuwamban shekarar, aka yi wa Anthony Obinna baftisma aka ba shi reshen farko, matarsa Fidelia ta zama shugabar mata. Tun ranar farko da tsarin ya sauka a ƙasarmu, haka aka raba aikin.

Me cocin ke koyarwa game da mace a gida? A watan Satumban 1995 shugaba Gordon B. Hinckley ya karanta wata sanarwa kan iyali a taron mata. Ta ce uba shi ke shugabantar gida, ya ciyar, ya kare. Uwa kuma babban nauyinta renon 'ya'ya ne. Su taimaki juna a matsayin abokan tarayya daidai wa daida. Mata da yawa suna tambaya yadda ake zama daidai alhali ɗaya ne shugaba. A 1987 shugaba Ezra Taft Benson ya roƙi iyaye mata su bar aiki su koma gida, kuma da yawa sun ajiye aikinsu saboda maganarsa. Yau shugabar Relief Society ta duniya, Camille Johnson, lauya ce da ta yi kusan shekara 30 tana aiki tana renon 'ya'yanta. Wasu daga cikin waɗanda suka yi biyayya a wancan lokaci sun ji zafin hakan sosai, don babu wanda ya fito ya ce musu an sauya magana. Suna kuma da aƙidar cewa akwai Uwa a sama tare da Uba, wadda Eliza Snow ta ambata a wata waƙar yabo a 1845, amma a 1991 Hinckley ya hana a yi addu'a gare ta.

Waɗanda suka ɗaga murya sun ɗanɗana kuɗarsu. An kori Sonia Johnson a 1979 bayan ta yi ta sukar yadda cocin ke yaƙar gyaran tsarin mulkin Amurka na daidaita haƙƙin maza da mata. A watan Satumban 1993 aka ladabtar da masana 6, cikinsu har da mata marubuta irin su Lavina Fielding Anderson da Maxine Hanks. A 2014 aka kori lauya Kate Kelly, wadda ta kafa ƙungiyar neman a naɗa mata. Maza ne zalla suka yanke kowane hukuncin.

Sauye-sauye sun zo, kuma ban raina su ba. A 2012 aka rage shekarun tafiya mishan ga 'yan mata daga 21 zuwa 19, suka yi ta tururuwa. A watan Afrilun 2013 Jean Stevens ta zama mace ta farko da ta yi addu'a a babban taron cocin, bayan shekara 183 da kafuwarsa. A 2015 aka sa mata a wasu manyan kwamitoci. A 2019 aka cire alkawarin da mace ke ɗauka a haikali na sauraron mijinta, wanda kafin 1990 ma alkawarin biyayya ne, aka kuma yarda mata su tsaya shaida a baftisma da ɗaurin aure. A 2022 Tracy Browning ta zama baƙar mace ta farko a shugabancin ƙoli na ƙungiyoyi ukun nan da mata ke jagoranta. Sai dai har yanzu, cikin jawabai sama da 30 na babban taro, na mata ba su cika wuce 3 ko 4 ba. A watan Maris na 2024 wata shugabar mata ta ce ba ta san wani addini da ya bai wa mata iko kamar nasu ba, cocin ya sa maganar a Instagram, dubban matan cocin suka yi ca a kai suna cewa ba haka suke gani ba. Da yawansu masu zuwa coci ne.

Kada kuma ki ɗauka matan da ke ciki duk a takure suke. Da yawa za su ce miki ba sa son firistanci, nauyin da ke kansu ya ishe su. Za su ce mijinsu ba ya shan giya ko taba, dokar kamun kai ɗaya ce a kan namiji da mace, ana koya wa maza zama da iyali, ana ƙarfafa 'ya mace ta yi karatu. A haikali mata ne ke yi wa mata wasu ibadun da hannunsu. Dallin H. Oaks, wanda ya zama shugaban cocin a 2025, ya taɓa yi wa mabiyansu na Afirka faɗa kan tsadar kuɗin aure da kan mazan da ke barin wa mace duk wahalar gida. Macen da ta taso inda miji ke kwana a mashaya, in ta ce ta samu sutura a nan, gaskiyarta ta faɗa.

Ga abin da ya kamata iyayenku su sani tun kafin a sa rana. Auren da suke ɗauka cikakke shi ne wanda aka ƙulla a haikali, irin wanda aka buɗe a Aba a 2005, kuma wanda ba ɗan coci mai takardar izini ba, ba ya shiga, ko da shi ya haifi amarya. Ana iya yin na gargajiya da na rajista a gaban kowa, amma wancan su Baba da Mama a waje za su jira.

Sannan ƙanwarki ta tambayi bishof, a gaban saurayin, dokar wannan ƙulli, don a nan ne tsohon tsarin ya bar saura. A aƙidarsu auren haikali ba ya ƙarewa da mutuwa. Namijin da matarsa ta rasu yana iya ƙulla wani na har abada da sabuwar mata, na farkon yana nan bai warware ba. Oaks da kansa haka ya yi bayan rasuwar matarsa a 1998, haka ma Russell M. Nelson da ya gabace shi. Mace mai rai kuwa da namiji ɗaya kawai ake ƙulla ta. In auren ya mutu ko mijin ya rasu, tana son ƙullawa da wani, sai ta rubuta wa shugabannin ƙoli a Salt Lake City ta nemi a soke na farko. In ba a soke ba ta yi wani aure a waje, 'ya'yan da za ta haifa wa sabon mijin a ƙarƙashin ƙullin mijin farko ake lissafa su. Ta nemi a buɗe mata littafin dokokin cocin, wanda yake a intanet kowa na iya karantawa, ta ga wannan da idonta kafin ta amsa.